Harshen Tafinta Da Harshen Inji

'Yan'uwana ɗalibai, abin da na ke so in yi muku magana a kansa a wannan fitowa wata tsohuwar kwamfuta ce, wadda aka daina ƙerawa tun ba a haifi yawancinmu ba. Sunanta Commodore 64. Na san waɗansu daga cikinku sun gan ni da maraice ina rubuta lambobi a littafi ina ƙirga da yatsa, har wani ɗan ajinmu ya ce mini, "Kai ɗan'uwa, wayar da ke aljihunka ta fi wannan abin ƙarfi sau dubu, me ka ke nema a jikin gawa?" To, ga amsata, kuma ina roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, don maganar ta shafi aikin da za mu fita mu yi.

Ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantu, waɗansunmu kuwa za a ba su darasin kwamfuta. Mun san yadda a kan yi shi a wurare da yawa. Malam ya zana akwati a allo, ya rubuta sunayen sassa, yara su haddace, su rubuta jarrabawa su ci, su fita ba wanda ya san abin da ke gudana a cikin akwatin. Haka aka koya mini a makarantarmu ta mishan, malamanmu kuwa sun yi iyakar ƙoƙarinsu da abin da ke hannunsu. Kwamfutar zamani kuma ko an kawo ta aji, ta rufe cikinta ruf, sai dai yaro ya danna ya ga abu ya fito. Ita wannan tsohuwa ƙanƙanuwa ce ainun, har mutum ɗaya ya iya sanin cikinta duka, kamar yadda mai gyaran keke ya san kekensa.

An fara sayar da ita a Amurka cikin shekarar 1982, a kan dala 595, aka yi ta ƙera ta har 1994, lokacin da kamfanin ya karye. An sayar da fiye da miliyan 12. Ba ta da fuska tata, sai a haɗa ta da talabijin na gida. A cikinta akwai gurabe 65,536, ko wane gurbi da lambarsa kamar akwatunan gidan waya, ko wanne kuma yana riƙe lamba ɗaya tak, daga 0 zuwa 255. Ƙwaƙwalwarta, wadda a ke kira 6510, tana aiki ne da bugun agogo, bugu wajen miliyan ɗaya a sakan guda. Ban da ita akwai wata 'yar na'ura mai suna VIC-II, wadda ba ta da aiki sai zana hoto a talabijin, da launi 16. Ni ba ni da injin kansa. Akwai wata manhaja ta kyauta, VICE, wadda ke kwaikwayonsa bugu-bugu a kan kwamfuta ta yanzu, da ita na ke aiki.

Kafin a gane sauran maganar, tilas a san yadda tsohon talabijin mai doro ya ke yin hoto. Ido yana ganin hoto cikakke, amma a gaskiya tsinken haske guda ne ke gudu daga hagu zuwa dama yana zana layi, in ya kai ƙarshe ya komo hagu ya sauka layi na gaba, kamar mai huɗa a gona yana bin kunya-kunya. In ya kai ƙasa sai ya koma sama ya sake. A irin talabijin da aka yi amfani da shi a Turai da nan Nijeriya, watau PAL, wannan inji ya kan zana layi 312, ya gama su duka sau 50 a sakan. Ko wane layi kuwa yana cin bugu 63 na ƙwaƙwalwa. Ku riƙe wannan lamba, 63, don a kanta dukan wasan ya rataya.

Yanzu ga dabarar. Gurbi mai lamba 53280 shi ke riƙe da launin gefen allo. In ka sa 2 a ciki gefe ya zama ja, in ka sa 5 ya zama kore, 1 kuwa fari. Masu ƙera injin sun nufa gefe ya zama launi ɗaya daga sama har ƙasa. Amma in ka sāke lambar tun tsinken haske yana tsakiyar tafiyarsa, sai sama ta fito da launi dabam, ƙasa dabam. In ka sāke a ko wane layi, ka sami ratsi-ratsi kamar bakan gizo. Watau inji ba ya hana ka, muddin ka iso a kan kari.

Nan ne harsuna biyu suka shigo. Da ka kunna injin sai ya gaishe ka da harshen BASIC, ya ce maka kana da gurabe 38,911 na yin aiki. Malamai biyu ne na wata kwaleji a Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ƙago BASIC cikin 1964, don ɗaliban da ba lissafi suka zo karanta ba su ma su iya ba kwamfuta umurni. Saboda haka harshe ne mai sauƙi, kusa da maganar mutane. Ka rubuta POKE 53280,2 gefe ya yi ja. In ka yi kuskuren rubutu ya tsaya ya faɗa maka layin da kuskuren ya ke.

Amma ƙwaƙwalwar ba ta jin BASIC ko kaɗan. Tafinta ne a tsakani. Duk wanda ya taɓa zama a taron da baƙo ke magana ana fassarawa ya san yadda abin ya ke: baƙo ya faɗi jimla ya tsaya, tafinta ya juya ta, in baƙo ya maimaita maganar sau goma tafinta ma sai ya juya ta sau goma, zaman awa ɗaya ya koma awa biyu. Haka tafintan BASIC ya ke. Ko wane zuwa sai ya karanta 5, 3, 2, 8, 0 ɗaya-ɗaya, ya haɗa su su zama lamba, ya duba ko lambar ta halatta, sa'an nan ya aika. In ka sa shi ya ƙirga daga 1 zuwa 1,000 ba tare da ya yi kome ba, sai ya ci wajen sakan guda. Ke nan ƙirga ɗaya ta ci bugu wajen 1,000, tsinken haske ya riga ya wuce layi goma sha biyar. Wanda ke neman sāke launi a layi na 100 daidai ba zai same shi ta hannun tafinta ba.

Harshe na biyu shi ne na injin kansa, lambobi zalla. Don kada mutum ya haukace da lambobi, an ba ko wane umurni ɗan gajeren suna mai harafi uku, wannan rubutu shi a ke kira asembili. Ga yadda a ke mai da gefe ja da shi: LDA, watau ɗauki 2 ka riƙe, STA, watau ajiye shi a 53280, RTS, watau koma inda aka kira ka. In aka juya su lambobi sai su zama guda shida: 169, 2, 141, 32, 208, 96. Na farko yana cin bugu 2, na biyu bugu 4. Bugu 6 ke nan launi ya sāke, kashi ɗaya cikin goma na layi guda bai ma cika ba. Akwai wani ɗan shiri mai umurni biyu kaɗai, ƙara ɗaya a kan launi, koma ka sake, wanda ke cin bugu 9. Ku raba 63 da 9, za ku ga launi ya sāke sau 7 kafin tsinke ya gama layi ɗaya.

To, mai karatu zai ce, in haka ne me ya sa ba za a watsar da tafinta a rubuta kome da harshen inji ba? Akwai masu yin haka, manyan wasannin wancan zamani ma yawanci haka aka rubuta su. Amma harshen inji ba shi da tausayi. Ƙwaƙwalwar nan ba ta da umurnin ninkawa ko rabawa, sai tarawa da ɗebewa, hannuwanta kuma uku ne kaɗai, A da X da Y, ko wanne ba ya riƙe abin da ya wuce 255. Tambayar mutum sunansa da buga shi a allo, abin da BASIC ke yi da layi biyu, a can sai ka cika shafi. In kuwa lamba ɗaya ta kauce, ba mai gaya maka, inji ya sandare kawai. Saboda haka mai hankali ya kan raba aiki: abin da ba ya gaggawa ya bar wa tafinta, abin da ke tsere da tsinken haske ya ba harshen inji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda a ke haɗa su ba wuya. Akwai wani fili mai gurabe 4,096 wanda ya fara daga 49152, BASIC ba ya taɓa shi. Sai ka jera lambobinka a layin DATA, ka sa BASIC ya karanta su ɗaya-ɗaya ya zuba su can da POKE, sa'an nan ka ce SYS 49152. Nan take tafinta ya ja da baya, ƙwaƙwalwa ta bi lambobin da cikakken gudunta, da ta iske 96 sai ta komo wa tafinta ya ci gaba daga inda ya tsaya. In suna da saƙo ga juna, sai su yi alkawarin gurbi, kamar 251 zuwa 254 waɗanda ba mai amfani da su: wannan ya ajiye, wancan ya zo ya ɗauka. Mujallun Amurka da Ingila na shekarun 1980, irin su Compute!'s Gazette wadda ta fara fita cikin 1983, sun riƙa buga shafi-shafi na irin waɗannan lambobi, yara su zauna dare su kwafe su da hannu.

Misalin da ya fi burge ni na wannan rabon aiki shi ne na ratsin launi mai lilo, wanda ke hawa yana sauka a hankali kamar reshe cikin iska. Lissafin lilon nan shi ne SIN da muka koya a darasin kusurwa. Yin sa da harshen inji azaba ce, BASIC kuwa yana da shi a shirye. Saboda haka tun kafin a fara wasa sai a sa BASIC ya lissafa amsa 256, ya jera su a gurabe, ko da zai ɗauki sakan da dama ba kome, ba wanda ke jira. In an fara, harshen inji ba ya lissafin kome, sai ya ɗauki lamba ta gaba a jerin sau ɗaya a ko wane zagayen hoto, ya sa ratsi a layin da ta nuna. Ranar da na gane wannan sai na tuna da littafin shirin darasi da malamanmu ke matsa mana a kansa. Tunani mai nauyi da dare a ke yinsa, a zaune. A gaban yara arba'in ba lokacin lissafi, sai ɗauko abin da aka riga aka shirya.

Saura tambaya ɗaya: yaya harshen inji zai san tsinke ya iso layin da a ke so? Gurbi na 53266 kullum yana nuna layin da a ke zanawa. Kana iya sa ƙwaƙwalwa ta tsaya tana leƙensa har lambar ta zo, amma sa'an nan ba ta yin wani aiki. Hanya mafi kyau ita ce ta ƙararrawa. Ka rubuta lambar layin a wannan gurbi, ka ba VIC-II izini, ka kuma rubuta a gurabe na 788 da 789 inda ɗan shirinka ya ke. Da tsinke ya iso, sai VIC-II ta kaɗa, ƙwaƙwalwa ta ajiye abin da ta ke yi, ta ruga ta sāke launi, ta sa ƙararrawa ta gaba, ta komo. Tafinta bai ma san an yi ba. Kana iya ci gaba da rubuta BASIC a tsakiyar allo, ratsi suna lilo a gefe.

Kada a ɗauka abin kyauta ne. Ƙwaƙwalwa ba ta amsa ƙararrawa sai ta gama umurnin da ke hannunta, umurni kuwa waɗansu bugu 2 ne, waɗansu har 7. Tun da ya ke ko wane bugu ɗigo 8 ne na hoto, sai ka ga mahaɗin launi yana rawa hagu da dama. Maganinsa a jinkirta sāke launin har tsinke ya fita daga inda ido ke gani, ko a kaɗa ƙararrawa biyu a jere, ta biyun ta iske ƙwaƙwalwa tana zaman jira. Har wa yau, a ko wane layi na takwas na tsakiyar allo VIC-II ta kan ƙwace bugu 40 ko fiye don ta ɗebo haruffan da za ta zana, sai a bar ka da wajen 20. Akwai kuma agogon da injin ke riƙe wa BASIC, wanda aka shirya a taɓa shi sau 60 a sakan. In ka ɗaura shi a ƙararrawar hoto mai kaɗawa sau 50, sai ya riƙa yin latti da minti goma a ko wace awa. Duk wanda ya shiga tsakanin harsuna biyun nan tilas ya san abin da ko wanne ke tsammani daga ɗan'uwansa.

Da wannan ƙararrawa mutane suka yi abubuwan da masu ƙera injin ba su shirya ba. VIC-II tana iya nuna 'yan siffofi masu yawo guda 8 kaɗai, amma in tsinke ya wuce na sama sai a ɗauke su a sake dasa su a ƙasa, ido ya ga 16 ko fiye. Waɗansu suka gano cewa in ka ruɗe ta game da yawan layukan rubutu a daidai lokacin da za ta rufe gefen ƙasa, sai ta manta ta rufe, siffofi su fita yawo cikin gefe. Har yanzu akwai ƙungiyoyi a Turai masu taruwa su yi gasar irin wannan gwaninta, ƙasar Finlan ta sa wannan al'ada cikin jerin gādonta cikin 2020, Jamus kuma cikin 2021. Masu yi a yau da yawa sun musanya BASIC da harshen C, ta hanyar wata manhaja mai suna cc65, wadda ke juya dukan shiri zuwa harshen inji tun kafin a fara, kamar mai fassara littafi. Wannan ya fi tafinta sauri nesa, amma mai rubutu ba ya sanin bugu nawa jimlarsa za ta ci, saboda haka wurin ƙararrawa har yanzu da asembili a ke rubuta shi. Rabon aikin bai sāke ba.

Lokacin gwajin koyarwa na kai wannan abu aji, yara suka kewaye kwamfuta ɗaya. Na nuna musu lambar kore da ta fari, sai wata yarinya ta ce, "Malam, a yi mana tutar ƙasarmu." Na sa ƙararrawa uku, kore da fari da kore suka fito a kwance. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai tutarmu a tsaye ta ke." Na ce ya yi gaskiya, mu yi ta a tsaye. Tsakiyar allo gida 40 ne a faɗi, 25 a tsawo, gida 1,000 ke nan, haruffansu daga gurbi na 1024, launinsu daga 55296. Yara da kansu suka raba 40 gida uku, suka daidaita a kan 13 da 14 da 13. Muka ba BASIC aikin, suka zuba ido tuta tana saukowa layi-layi suna ƙirgawa da baki. Sa'an nan na kira ɗan shirin harshen inji mai wannan aiki, kafin su ƙifta ido ta cika. Yaron nan ya ce a ƙarasa ta har gefe. Muka koma allon alli muka lissafa: bugu ɗaya ɗigo 8, sāke launi bugu 6, layi bugu 63, ga kuma layi na takwas mai ƙwace. Su da bakinsu suka faɗi abin da ya sa kwance ke da sauƙi, tsaye ke da wuya.

Abu na ƙarshe da na nuna musu shi ne wanda masu wannan sana'a ke auna aikinsu da shi. Kafin ɗan shirinka ya fara sai ka sāke launin gefe, in ya gama ka mai da shi yadda ya ke. Tsawon ratsin da ya fito shi ne lokacin da aikin ya ci. Share gidajen allo 1,000 da harshen inji yana cin bugu wajen 6,400, watau layi ɗari da 'yan kai, sulusin zagayen hoto. Yara suka ɗora rula a jikin gilashi suka auna. Na rage aikin, ratsi ya gajarta, suka sake aunawa. Na daɗe ina neman hanyar da zan gaya wa yaro cewa kwamfuta ma lokacinta ƙididdigagge ne, tana iya makara kamar kowa, ban sami wadda ta kai wannan ba. Gani ya kori ji.

Ban ce a mai da makarantunmu shekarar 1982 ba, yaranmu kuwa tilas su koyi kayan zamaninsu. Amma wayar da ke aljihun ɗan ajinmu ita ma haka a ke yi mata: yawancin manhajarta da harsuna masu sauƙi a ke rubutawa, 'yan wuraren da ke tsere da lokaci, kamar buɗe hoton bidiyo, su a ke sauka ƙasa a rubuta kusa da inji. Malamin da ya taɓa ƙirga bugu 63 da yatsansa zai iya bayyana wannan ga yaro ba da kame-kame ba, in yaro ya tambaye shi me ya sa, yana da abin faɗa.

Duk wanda ke so ya gwada, ba ya bukatar kuɗi. Ya samo VICE, ya zuba lambobin nan shida daga 49152, ya ce SYS 49152, ya ga gefe ya yi ja. Sa'an nan ya cire 2 ya sa 5. In ya kai nan yana son ƙari, ya same ni bayan cin abincin dare, ya zo da littafi da fensir. Iyakar abin da na ke da shi ke nan a wannan karo.